Filin Tambayoyin Masu Karatu: Sanyin da Maganaɗisu Ke Fitarwa Daga Jikin Ƙarfe

Wasiƙun wannan karon kusan duka a kan abu ɗaya suka tsaya, wato na'urorin da ke sanyaya abu alhali babu gas a cikinsu, babu kwamfiresa, babu kuma wani sashe da ke juyawa ko motsi. Na zaɓi guda biyar waɗanda suka shafi rawar da maganaɗisu ke takawa a wannan aiki. Na lura cewa masu tambaya da dama suna haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka zan yi ƙoƙarin raba su, domin rashin raba su ne ke sa mutum ya karanta labarin wani bincike ya ɗauka cewa an yi nasara a wani fannin da ba shi ake nufi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a sashen fiziks. Na karanta cewa idan aka sa guntun ƙarfen bismut a tsakanin bakunan maganaɗisu, aka saki wutar lantarki ta bi ta cikinsa, gefe ɗaya zai yi sanyi, ɗaya gefen kuma ya ɗauki zafi. Abin da aka koya mana shi ne wuta ɗumama waya take yi. To ta yaya maganaɗisu zai sa ta sanyaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abin da ka karanta gaskiya ne, abin da aka koya maka ma gaskiya ne, kuma duka biyun suna faruwa a lokaci guda a cikin guntun ƙarfen nan. Wuta ba ta daina ɗumama shi ba. Abin da maganaɗisu ke yi shi ne ya sa wutar ta riƙa kwashe zafi daga wani gefe tana jibge shi a wani gefen, kuma matuƙar kwashewar ta fi ɗumamawar sauri, gefen da ake kwashewa zai yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi.

Ana kiran wannan abu tasirin Ettingshausen. A shekarar 1886, a jami'ar Graz da ke ƙasar Ostiriya, a ɗakin gwaje-gwajen Ludwig Boltzmann, Albert von Ettingshausen da ɗalibinsa Walther Nernst, wanda a lokacin bai wuce shekara 22 ba, suna nazarin yadda bismut ke yi a cikin maganaɗisu. Shekara bakwai kafin nan, a 1879, Edwin Hall ya nuna a Amurka cewa idan wuta tana bin siririn fallen zinariya aka kawo mata maganaɗisu, ƙarfin lantarki yakan bayyana a gicciye, tsakanin gefuna biyu na fallen. Abin da aikin Graz ya ƙara a kai shi ne cewa ba lantarki kaɗai maganaɗisu ke karkatarwa ba, har da zafi.

Domin ka ga hoton abin a ranka, ka ɗauki guntun bismut mai kusurwa huɗu ka kwantar da shi a kan tebur. Wuta ta shiga ta gabas ta nufi yamma. Maganaɗisu yana ratsa shi daga sama zuwa ƙasa. Zafi kuwa ba gabas zai bi ba, ba yamma ba, kudu zai nufa, ya bar gefen arewa da sanyi. Idan ka juya wutar, ko ka kifa maganaɗisun, gefunan za su yi musanya. Wannan gicciyewar ita ce gundarin maganar, kuma duk amfanin na'urar da duk wahalarta daga nan suka taso.

Dalilin karkatar kuwa shi ne, duk abin da ke ɗauke da caji yana tafiya a cikin filin maganaɗisu, ana tura shi gefe, ba gaba ba, ba baya ba. A cikin tagulla, masu ɗaukar wuta iri ɗaya ne, wato ilektiron. Da maganaɗisu ya fara tura su gefe guda sai su taru a can, cajinsu ya yi yawa, ya fara korar na baya, nan take turawar maganaɗisu da korar cajin su yi daidai, karkatar ta tsaya. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne: ilektiron ba duka ƙarfinsu ɗaya ba, wasu sun fi matsakaici kuzari, wasu ba su kai ba, saboda haka daidaiton da ya tsayar da matsakaitan bai tsayar da sauran sarai ba, sai masu kuzarin su ɗan zame gefe ɗaya, marasa kuzarin su zame ɗaya gefen. Bambancin zafin da wannan ke haifarwa a tagulla ƙanƙane ne ƙwarai, sai da na'ura mai kaifin awo ake ganinsa.

Bismut daban yake, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka natsu. A cikinsa masu ɗaukar wuta iri biyu ne. Akwai ilektiron, akwai kuma gurbi, wato wurin da ilektiron ya tashi ya bari, wanda ke yawo a cikin ƙarfen tamkar wani abu mai kishiyar cajin ilektiron. A tsarkakakken bismut adadinsu ɗaya ne, kowane ilektiron da gurbinsa. Idan aka saki wuta, gurabe suna bin yamma, ilektiron suna bin gabas. Tafiyarsu ta saɓa, cajinsu ma ya saɓa, kuma saɓani biyu suka haɗu suka zama dacewa: maganaɗisu yana tura su duka gefe ɗaya, kudu a misalinmu. Tun da kuwa tare suke isa can, cajin wannan yana kashe na wancan, babu tarin cajin da zai kori na baya, don haka kwararar ba ta tsayawa.

A gefen kudu sun yi cunkoso, sai ilektiron ya riƙa faɗawa cikin gurbi, su shafe juna, su saki kuzarin da suke ɗauke da shi ya zama zafi. A gefen arewa kuwa sun yi ƙaranci, sai ƙarfen ya riƙa haifar da sababbin tagwaye na ilektiron da gurbi domin cike giɓin, kuma haifar da su yana cin kuzari, wanda ba shi da inda zai fito sai daga zafin jikin ƙarfen a wannan gefen. Wanda ya san aikin firiji zai gane wannan nan da nan, domin daidai yake da gas ɗin da ke zama tururi a ciki ya sha zafi, ya koma ruwa a bayan firijin ya amayar da shi. A nan tagwayen ilektiron da gurbi su ne gas ɗin, wuta da maganaɗisu kuma su ne kwamfiresa.

Sauran sharaɗi ɗaya. Dole mai ɗaukar wuta ya samu damar yin tafiya mai ɗan nisa kafin ya yi karo da wani abu, in ba haka ba maganaɗisu ba zai samu lokacin lanƙwasa hanyarsa ba. A bismut masu ɗaukar wuta kaɗan ne, kusan guda ɗaya ga kowace ƙwayar zarra 100,000, alhali a tagulla kusan kowace zarra tana ba da guda, kuma ba su da nauyi, suna tafiya a sake, musamman idan ƙarfen ya yi sanyi, girgizar zarrori ta lafa. Shi ya sa bismut, wanda ba shi da wani abin a zo a gani wajen ɗaukar wuta, ya zama zakara a wannan fage tun 1886, kuma shi da gaurayensa da antimoni har yau su ne ma'aunin da ake gwada sauran da su.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sana'ata gyaran firiji ce. Ana kawo mini ƙananan akwatunan sanyi waɗanda ba su da kwamfiresa, sai wani farin falle mai wayoyi biyu da fanka a bayansa. Shin shi ne wannan na maganaɗisun? In ba shi ba ne, wanne ya fi, kuma me ya sa ba mu ganin na maganaɗisun a firiji?

Amsa: Barka kadai, Malam. Ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne, kuma ya girme shi. Fallen da kake gani yana aiki ne da tasirin Peltier, wanda Jean Peltier, wani Bafaranshe da ya fara da sana'ar agogo, ya gano a 1834. Ba ya buƙatar maganaɗisu. Zafi a cikinsa yana bin hanyar da wuta ke bi ne, yana sha a mahaɗar abubuwa biyu mabambanta, yana fita a wata mahaɗar. A 1838 Emil Lenz ya ɗora ɗigon ruwa a mahaɗar bismut da antimoni ya daskarar da shi da wuta, ya juya wutar ya narkar da shi. Abin ya zauna a matsayin wasan ɗakin gwaji fiye da shekara ɗari, sai a 1954 da H. J. Goldsmid da R. W. Douglas suka nuna a Ingila cewa haɗin bismut da teluriyam yana iya ba da sanyi mai amfani. Wannan haɗin ne har yanzu ke cikin fallen da ke hannunka.

Idan ka taɓa fasa ɗaya, ka ga ƙananan ginshiƙai jere reras, sau da yawa guda 254, wato tagwaye 127, rabinsu masu ɗaukar wutarsu ilektiron ne, rabi kuma gurabe, an haɗa su da guntayen tagulla ɗaya bayan ɗaya. Kowace mahaɗa wuri ne da wuta ke yin asara, wuri ne kuma da ke iya tsagewa saboda kumbura da tsukewar zafi da sanyi, kuma ka fi ni sanin cewa guda ɗaya ta yanke, fallen duka ya mutu. Na'urar Ettingshausen ba ta da wannan. Guntu ɗaya ne na abu ɗaya, wayoyi biyu a ƙarshensa, nesa da fuskar da ke sanyi. Wani abin sha'awa kuma shi ne, zaman ilektiron da gurabe tare a ginshiƙi ɗaya illa ne ga fallen Peltier, domin zafin da wannan ya kai gaba wancan yana dawo da shi baya, amma a cikin maganaɗisu wannan zaman taren shi ne jarin na'urar.

Kowace daga cikinsu tana da iyaka, kuma abokan gābarta biyu ne. Na farko ɗumamar wuta: idan ka ninka wuta sau biyu, zafin da take kwashewa ya ninku sau biyu, amma zafin da take haifarwa a jikin ƙarfen ya ninku sau huɗu, don haka akwai wurin da ƙarin wuta ke zama ɓarna. Na biyu shi ne komawar zafi ta jikin ƙarfen daga gefen zafi zuwa na sanyi. Masana suna tattara waɗannan a lamba ɗaya da suke kira Z, wadda masanin Rasha Abram Ioffe ya yaɗa amfani da ita a shekarun 1950. Ga fallen Peltier mai hawa ɗaya, mafi girman bambancin zafin da zai iya bayarwa shi ne rabin Z sau zafin gefen sanyi sau kansa, a ma'aunin kelvin, wato ma'aunin zafi da ke fara ƙirga daga sanyin da babu na ƙasa da shi. Mu ɗauki Z a matsayin 0.003, wanda ya yi kusa da na bismut da teluriyam mai kyau. Idan gefen zafi yana kan kelvin 300, wato digiri 27 na Selsiyas, lissafin zai ba ka kusan digiri 75, kuma fallayen kasuwa sukan ba da wajen 70 idan ba a ɗora musu kaya ba. Amma idan gefen zafin yana kan kelvin 150, ko da Z bai sauya ba, digiri 24 kawai za ka samu, kuma a zahiri Z ɗin wannan haɗin raguwa yake yi a irin wannan sanyin. Saboda haka mai son sanyi mai zurfi dole ya ɗora falle a kan falle, ƙarami a kan babba, kamar dala, kowane hawa da nasa rufin da ke raba wutarsa da ta na ƙasansa, kowane rufi kuma yana tare hanyar zafi.

A nan ne gicciyewar da na yi wa ɗalibinmu bayani take nuna darajarta. A 1958 B. J. O'Brien da C. S. Wallace, a Ostireliya, suka nuna cewa na'urar Ettingshausen ba ta buƙatar hawa-hawa. Tun da wuta tsawon guntun take bi, zafi kuma faɗinsa, ya isa a sassaƙa guntun ya zama siriri a fuskar sanyi, yana buɗewa yana faɗi har zuwa fuskar zafi. Kowane sashe na ƙasa ya fi na samansa faɗi, don haka yana iya ɗaukar zafin da aka miƙo masa tare da wanda wuta ta haifar, kuma babu rufi ko mahaɗa a tsakani. Dala ce mai hawa marasa adadi a cikin guntu ɗaya. A 1964 T. C. Harman da abokan aikinsa a Amurka suka gwada haka da sassaƙaƙƙen kiristal na bismut, suka saukar da zafi da kusan digiri 100 daga zafin ɗaki.

To me ya hana shi shiga firiji? Maganaɗisun da suka yi amfani da shi ya haura tesla 10, tesla kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Domin ka kwatanta, na'urar MRI ta asibiti tana aiki da tesla 1.5 ko 3, maganaɗisun neodimiyam mafi ƙarfi, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, da ƙyar yake ba da fiye da tesla 1 a ɗan ƙaramin sarari, na duniya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na tesla ba. A zafin ɗaki zarrorin bismut suna girgiza sosai, masu ɗaukar wuta suna yawan karo, sai da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi ake lanƙwasa su. Sannan ko fallen Peltier ɗin kansa bai kai kwamfiresa ba. Iyakar da Sadi Carnot ya kafa tushenta a 1824 ta nuna cewa firijin da cikinsa ke kan digiri 4, wajensa kuma 30, ba zai iya kwashe fiye da kusan ninki goma da rabi na wutar da ya ci ba. Fallen Peltier yana samun wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan iyaka, kwamfiresa kuma ta ninka shi sau uku ko fiye.

Ra'ayina, kuma ina faɗarsa da yaƙini, shi ne kuskure ne a auna na'urar Ettingshausen da firijin gida. Muhallinta shi ne tsakanin kelvin 100 zuwa 200, inda Peltier ya gaji, inda bismut da ɗan antimoni ke aiki da maganaɗisun da bai kai tesla 1 ba, inda kuma abin da ake son sanyayawa ƙarami ne, kamar idon kyamarar da ke ganin zafin jiki a cikin duhu, wanda girgizar kwamfiresa ke ɓata masa hoto.

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Na faɗa wa ɗalibaina cewa akwai firijin maganaɗisu da ke amfani da wani ƙarfe mai suna gadoliniyam. Yanzu kuma na ji ana maganar bismut. Abu ɗaya ne, ko na yi musu kuskure?

Amsa: Malama, ba ki yi musu kuskure ba, amma abubuwa biyu ne, kuma wannan ce haɗawar da na ambata a farko. A na bismut, maganaɗisu yana zaune wuri ɗaya, ƙarfinsa ba ya sauyawa, wuta ce ke ratsa ƙarfen tana ɗaukar zafi. A na gadoliniyam, wuta ba ta ratsa ƙarfen ko kaɗan, maganaɗisun ne ake kawowa ana janyewa.

Kowace zarrar gadoliniyam tamkar ƙaramar allurar kamfas ce. A zafin da ya kusa digiri 20 na Selsiyas, wanda shi ne iyakar da wannan ƙarfe ke rikiɗa daga mai kama maganaɗisu sosai zuwa mai kama shi sama-sama, alluran suna cikin hargitsi, amma ƙaramin dalili ya isa ya jera su. Idan aka kawo maganaɗisu suka jeru, hargitsin da ya bar su ba ya ɓacewa, yana komawa girgizar zarrori ne, wato ƙarfen ya yi ɗumi. Sai a bari ɗumin ya fita, sannan a janye maganaɗisun. Alluran su sake watsewa, kuma kuzarin watsewar daga girgizar zarrorin suke karɓo shi, sai ƙarfen ya yi sanyi fiye da yadda ya fara. Pierre Weiss da Auguste Piccard ne suka auna wannan a jikin nikel a 1917. Peter Debye a 1926 da William Giauque a 1927, kowa a nasa ɓangaren, suka ba da shawarar a yi amfani da shi domin kaiwa ga matsanancin sanyi, kuma a 1933 Giauque da D. P. MacDougall suka kai kelvin 0.25 a Berkeley da wani gishirin gadoliniyam. Giauque ya karɓi kyautar Nobel a 1949.

A can ƙasan ma'auni wannan hanya ta riga ta zama kayan aiki. Tauraron ɗan'adam na XRISM, wanda Japan ta harba a Satumbar 2023, yana riƙe na'urar awonsa a kan kelvin 0.05 da irin wannan sanyaya. A zafin ɗaki ne abin ke da wuya, domin tesla 1 yana sauya zafin gadoliniyam da wajen digiri 3 ne kacal. Dabarar da ake yi ita ce a cika bututu da ƙananan ƙwayoyin ƙarfen, a riƙa tura ruwa gaba da baya a daidai lokacin da maganaɗisu ke zuwa yana tafiya, har bambancin ya taru daga wannan ƙarshen bututun zuwa wancan. A 1976 G. V. Brown na hukumar NASA ya samu tazarar digiri 47 da maganaɗisu mai tesla 7. A 1997 Vitalij Pecharsky da Karl Gschneidner a ɗakin binciken Ames suka gano haɗin gadoliniyam da silikon da jamaniyam wanda tasirinsa ya fi na gadoliniyam zalla, kuma daga nan bincike ya karkata ga haɗe-haɗe masu araha da suka ƙunshi baƙin ƙarfe, lantanam ko manganis.

Abin da ke ingiza wannan bincike shi ne matsalar gas. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da gas ɗin da ke cinye ozon, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya sa a rage waɗanda suka maye gurbinsu, irin su R-134a, wanda kilo ɗaya nasa yake ɗumama duniya fiye da kilo 1,000 na iskar kabon. Sai dai ina so ki ja hankalin ɗalibanki ga cewa firijin gadoliniyam yana da famfo, yana da bawul, yana da maganaɗisu mai juyawa. Ƙarfen ne kawai daskararre a cikinsa. Na'urar da babu abin da ke motsi a cikinta sai ilektiron da gurabe ita ce ta Peltier da ta Ettingshausen.

Tambaya: Malam, tun da maganaɗisu ba ya shan wuta, ke nan sanyin da yake bayarwa kyauta ne? Kuma ba zai ƙare ba idan aka daɗe ana amfani da shi?

Amsa: Ba kyauta ba ne, ɗan'uwa, kuma maganaɗisun ba ya ƙarewa, kuma dalilin amsoshin biyu ɗaya ne. Turawar maganaɗisu kullum a gicciye take da tafiyar abin da take turawa, saboda haka tana sauya masa alƙibla ne kawai, ba ta ƙara masa kuzari ko ta rage. Tun da bai bayar da komai ba, babu abin da zai ragu a jikinsa. Duk kuzarin da aka kashe wajen ɗaga zafi daga gefen sanyi zuwa na zafi daga batir ko layin wuta ya fito, kuma zafin da ke fita a gefen zafi shi ne wanda aka kwaso haɗe da wutar da aka ci. Abin da ke raunana maganaɗisu shi ne zafi mai yawa, domin nau'in neodimiyam na yau da kullum yakan fara rasa ƙarfinsa idan ya haura digiri 80, don haka mai ƙera irin wannan na'ura dole ya nisanta shi da gefen zafi.

Tambaya: Malam, idan wuta da maganaɗisu suna haifar da bambancin zafi, shin bambancin zafi da maganaɗisu za su haifar da wuta? Kuma akwai wani ci gaba a wannan zamanin, ko maganar ta tsaya a shekarun 1960?

Amsa: Za su haifar, kuma wannan shi ake kira tasirin Nernst, wanda ya fito daga aikin Graz ɗin nan na 1886. Ka ɗumama gefe ɗaya na bismut a cikin maganaɗisu, ilektiron da gurabe su tashi tare daga zafi su nufi sanyi, a wannan karon tafiyarsu ɗaya ce, cajinsu ne ya saɓa, sai maganaɗisu ya raba su, wannan gabas wancan yamma, ƙarfin lantarki ya bayyana a ƙarshen guntun. Percy Bridgman na jami'ar Harvard ya nuna a shekarun 1920 cewa tasirin biyu a ɗaure suke da lissafi ɗaya, ta yadda wanda ya auna ɗaya kuma ya san yadda ƙarfen ke ɗaukar zafi zai iya fitar da ɗayan. Wannan yana da amfani a aikace, domin awon ƙarfin lantarki ya fi awon ɗan ƙaramin bambancin zafi sauƙi, kuma da shi ake tantance sababbin abubuwa.

Bayan shekarun 1960 fagen ya yi shiru na tsawon lokaci, saboda nauyin maganaɗisu da tsadarsa, da kuma saurin tsagewar kiristal ɗin bismut. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne tunanin a sa maganaɗisun a cikin ƙarfen kansa. A ƙarafan da su kansu maganaɗisu ne, ilektiron suna karkata gefe ko da babu wani maganaɗisu a waje, kuma an daɗe da sanin haka a baƙin ƙarfe da nikel, amma ƙarfin abin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na volt ga kowane digiri ba, wato bai cika mikrovolt 1 ba. A 2018 ƙungiyar Satoru Nakatsuji a jami'ar Tokyo ta auna wajen mikrovolt 6 ga kowane digiri, a zafin ɗaki, a haɗin kobalt da manganis da galiyam, kuma a 2020 suka samu ƙarfi mai kama da haka a haɗin baƙin ƙarfe da galiyam, da ɗan ƙasa da shi a haɗin baƙin ƙarfe da alminiyam, waɗanda kayansu ba su da wuyar samu. Dalilin wannan tsalle yana cikin tsarin matakan kuzarin ilektiron a kiristal ɗin, wanda a wasu wurare yake sa ilektiron ya ji tamkar yana cikin wani gagarumin maganaɗisu.

Ya kamata a ajiye wannan lamba kusa da ta Peltier domin a ga tazarar da ta rage. Haɗin bismut da teluriyam yana ba da wajen mikrovolt 200 ga kowane digiri, kuma tun da Z yana tafiya ne da wannan lamba sau kanta, tazarar ninki 30 tana zama ta kusan ninki 1,000 kafin a sa sauran abubuwa a lissafi. Saboda haka waɗannan sababbin ƙarafa ba su kai ga sanyaya komai mai girma ba tukuna. Inda suka fara amfani shi ne awo: ana shafa siririn fallensu a kan leda mai lanƙwasuwa, a zana shi kamar doguwar waya mai kai da komo, a manna a jikin bututu ko batir, zafin da ke ratsa ledar ya haifar da ƙarfin lantarki a tsawon wayar, kuma iya tsawon da aka ba wayar, iya ƙarfin da za a karanta.